Bushin roba ko na foli (foliyuretan): abin da ya faru da ƙafafun wata Mustang ta 1966 cikin shekara biyar da rabi

## Motar da mai ita

Ford Mustang ce ƙirar 1966 mai injin V8 na 289, wato girman injin a ma'aunin inci kubik. A wannan shekarar kaɗai an ƙera irinta sama da 600,000, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba sa wuyar samu, nagari da na bogi a cakuɗe. Wanda ya saye ta ya same ta ne bayan ta shafe shekara 11 a ajiye, ko tayar da ita ba a yi. Shi ba makanike ba ne, amma yana taɓa sifana, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sa wannan nazari ya yiwu. Duk abin da aka kwance ko aka ɗaura a jikin motar sai ya rubuta a littafi, tare da lambar da agogo ke nunawa a ranar. Tsohon kaya ma ba ya jefarwa, sai ya maƙala masa takarda ya sa a kwali. Agogon mil yake ƙirgawa, ni na juya lissafin zuwa kilomita. Watannin da kilomitocin kuwa daga ranar da motar ta koma kan titi aka fara ƙirga su.

Ba tsere ya sayo ta ya yi ba. Mota yake so ta fita ƙarshen mako, ta yi kilomita 4,000 zuwa 5,000 a shekara, kuma kada ya riƙa kwana a ƙarƙashinta.

Ƙafar gaban wannan mota gadonta ce daga Ford Falcon ta 1960. Sifirin yana zaune a kan hannun sama, hannun ƙasa kuwa, wato lowa am, a wuri ɗaya tak yake maƙale da shasi. Yana iya riƙe taya kada ta yi gefe, amma ba zai hana ta yin gaba ko baya ba. Wannan aikin na wata sanda ce ta ƙarfe da za mu kira sandar tokari. An ɗaure gindinta tam a jikin lowa am da noti biyu, kanta ya miƙa gaba ya ratsa wani rami a shasi, zoben roba mai kauri ɗaya a gaban ramin, ɗaya a bayansa, sai washa da noti. Duk lokacin da aka taka birki, wannan sanda ce ke hana taya komawa baya. Ban da nan, akwai bushin, wato zoben da ake sawa a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe, a gindin lowa am, da na sitabilaiza (sandar da ke rage jinginar mota a kwana) da linkejinta, sai na sifirin baya mai falle-falle: ɗaya a idon gaba, sauran a shakul ɗin baya, wato ƙarfen da ke rataye wutsiyar sifirin a shasi.

## Wata 1 zuwa 10: roba a ko'ina

Bushin da aka tarar a motar duk sun mutu. Waɗansu sun bushe har suna marmashewa a hannu. Mai motar ya yanke shawarar mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, wato roba a kowane wuri.

Daga wuri biyu ya haɗo kayan. Na lowa am da sitabilaiza da sifirin baya sababbin ƙira ne marasa suna, a leda suka zo. Zobban sandar tokari kuwa na ainihi ne da ba a taɓa ɗaurawa ba, a cikin tsohon kwalinsu da ya yi ja don daɗewa, kuma da su ya fi alfahari. Da kansa ya ɗaura komai, motar tana kan jak da maƙalai, tayoyi na reto. Ya ɗaure kowane noti da sifana mai awo daidai da lambar da littafin kamfani ya bayar, sannan ya sauke ta.

Wata bakwai lafiya lau. A wata na takwas sai ya fara jin ƙwal a gaba idan ya hau ƙaramin tudu. A wata na goma, agogo na nuna kilomita 3,400, mota ta fara ja hagu idan an taka birki, sitiyari kuma sai an yi ta gyara masa hanya.

Da aka ɗaga ta, ga abin da aka gani. Robar lowa am ta yage a ɓangarori biyu, ta rabu da bututun ciki. Zobban sandar tokari sun tsattsage a gefe, sun yi tauri kamar katako. Bushin sitabilaiza na hagu ya kumbura, ya yi laushi yana danƙo, na dama kuwa ba abin da ya same shi. A littafinsa layi ɗaya ya rubuta a ranar: roba ba ta da ƙarko.

## Wata 11: foli a ko'ina

Sai ya sayo cikakken saiti na foliyuretan, abin da masu gyaran tsofaffin motoci ke taƙaitawa foli. Sinadari ne da Otto Bayer da abokan aikinsa suka fara haɗawa a Jamus a 1937, kuma abin da ake yabonsa da shi gaskiya ne: baƙin mai da fetur ba sa cin sa yadda suke cin robar itace, iska ma ba ta tsaga shi da wuri. Ana auna taurin irin waɗannan kaya da ma'aunin Shore A, mai tashi daga 0 zuwa 100. Bushin roba galibi yana tsakanin 50 da 70, na foli daga 70 zuwa 95. Takardar saitin da ya saya ta nuna 90.

Bambancin bai tsaya a tauri ba, yadda suke aiki ma daban ne. Bushin roba bututu biyu ne na ƙarfe, ƙarami a cikin babba, roba ta cika tsakaninsu ta kama kowanne. Idan aka ɗaure noti, bututun ciki ya kafe. Babu abin da ke zamewa a kan wani. Hannu ya yi sama, roba ta murɗa kamar ana matse tsumma, ya sauko ta warware. Foli ya fi ƙarfin a murɗa shi haka, don haka juyawa yake yi a kan bututun ƙarfe, kamar ƙofa a kan hinji. Duk abin da ke juyawa a kan ƙarfe kuwa giris yake nema. Saitin ya zo da 'yan ƙananan ledoji na giris ɗin silikon, ya shafa, ya ɗaura, aka kai ta saitin ƙafa.

Shafukan makonnin farko cike suke da murna. Sitiyari ya zama inda ka nuna nan za ta bi, jingina a kwana ta ragu, birki ya miƙe sak. A tuna dai da yagaggiyar roba yake kwatantawa, bai taɓa tuƙa motar da lafiyayyar roba fiye da wata bakwai ba.

## Wata 14 zuwa 29: ƙara da jijjiga

Ƙarar ta fara a wata na 14, bayan an yi kwanaki ana ruwa. Kiii-kiii daga gaba da baya, har mai tafiya a ƙasa yana waiwayowa. A wata na 15 ya kwance duka, ya tarar giris ɗin farko ya tsere, ya sa na shasi na yau da kullum. Aikin ya ci awa shida. Wata biyu ƙara ta dawo. A wata na 18 ya sake kwancewa, wannan karon ya sa giris ɗin silikon mai danƙo wanda ruwa ba ya wankewa. Shi ya kai wata bakwai, aka sake zagaye na uku a wata na 25.

Ƙara dai kunne take damu. Abin da ya fi yawa a littafin shi ne jijjiga. Madubin ciki yana rawa har ba a gane motar da ke baya, sukurorin dashbod suna kwancewa, kowane ɗan tsagi na titi sai ya iso hannu. Akwai kuma wani abu da ya rubuta sau uku bai ba shi suna ba: idan ya shiga kwana mai gargada, bayan motar yakan yi ɗan tsalle gefe maimakon ya bi ƙasa. Idan kuma ya hau gangaren gareji a karkace, sai ya ji jikin motar yana kuka kamar ana lanƙwasa gwangwani.

Duk da haka bai ga dalilin canza komai ba. Kowane lokaci ya leƙa, jajayen bushin suna nan sumul kamar ranar da aka ɗaura su.

## Wata 30: sanda ta karye

Agogo yana kan kilomita 11,300, wato 7,900 tun da aka sa foli. Yana tafiya a hankali, kamar kilomita 25 a awa, ya sauka wani ɗan kwari dab da mahaɗa ya taka birki. Sai ƙara kamar an buga guduma, sitiyari ya fizge hagu, tayar gaba ta hagu ta koma baya ta gogi ƙarfen jikin mota. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. A bayan babbar mota aka kai ta garejin wani dattijon makanike da ya daɗe yana taɓa irin waɗannan motoci.

Sandar tokari ta hagu ce ta karye, daidai kafaɗarta, inda washa ta baya ke zama. Fuskar karayar kashi biyu ce. Kusan biyu bisa uku nata santsi ne, ya yi duhu, da layuka masu lanƙwasa a jere kamar sawun ruwa a kan yashi, waɗansu sun taso daga sama waɗansu daga ƙasa. Ragowar da ke tsakiya fari ne tas mai tsakuwa-tsakuwa. Duhun nan tsohon tsagi ne da ya yi watanni yana ci a hankali, farin kuwa shi ne abin da ya rage ya ɓalle a ranar. Tsagin da ya taso ta sama da ta ƙasa a tare alama ce ta ƙarfen da aka yi ta lanƙwasawa sama da ƙasa, kamar yadda ake karya waya da hannu. A kusa da wurin akwai ƙananan ramukan tsatsa.

Zobban foli biyu da ke kan sandar kuwa ko ƙwarzane babu. Dattijon ya jujjuya ɗaya a tafin hannunsa ya ce, "Maigida, bushin naka lafiyarsa ƙalau. Ƙarfen ne ya biya bashin."

Aka kwance ta dama aka wanke, aka fesa mata jan ruwan gano tsagi, aka goge, aka bi da farar hoda. Jan layi mai tsawon milimita 6 ya fito a daidai wurin da ta hagu ta karye.

Amma kafin a cire ta daman gaba ɗaya, dattijon ya nuna masa wani abu a wannan ɓangaren. Ya raba boljoyin na ƙasa, mahaɗin lowa am da taya, ya bar lowa am da sandar tokari kaɗai a maƙale da shasi, ya ce ya ɗaga. Da hannu biyu da ƙyar ya motsa shi, sai da aka sa ƙarfen bincire. Aka cire zobban foli aka sa na roba, hannu ɗaya ya ɗaga shi ya sauke. Dalilin a bayyane yake idan mutum ya tsugunna ya kalla. Lowa am yana lilo sama da ƙasa, gindin sanda yana bin sa dole tunda a ɗaure suke, don haka kanta da ke cikin ramin shasi sai ya karkata, ya ɗan murɗa, duk a lokaci ɗaya. Roba tana lotsawa ta ba shi hanya. Foli mai taurin 90 da aka matse tsakanin washa biyu ba ya bayarwa, sai sandar ta lanƙwasa da kanta a inda ta fi rauni, sau dubbai a kowace fita.

## Wata 30: abin da sauran kayan suka nuna

Tunda an riga an buɗe, sai aka bi sauran bushin foli ɗaya bayan ɗaya. Na sitabilaiza na hagu ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, amma bai kumbura ba, bai yi laushi ba. Na linkeji ma lafiya. Na lowa am a waje sabo ne, amma da aka zare bututun sai aka ga ya yi tsatsa, ya kuma sha ƙwarzane, don ƙura ta shiga ta haɗu da giris ta zama abin goge ƙarfe. Ramin bushin ya daina zama da'ira, ya buɗe da milimita 0.6 ta gefe ɗaya. Na idon gaban sifirin baya bakinsa ya taɓe. Sifirin falle yana ɗan murɗawa idan taya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, foli ya hana shi, wannan ne tsallen da ake ji a kwana da kukan gangaren gareji. Na shakul kuwa, da aikinsu lilo gaba da baya kawai, ba su da laifi in ban da bushewa.

Mai motar ya kawo kwalin tsohuwar robar da ya cire a wata na goma, don ya nuna dalilin da ya sa ya guje ta. Dattijon ya baje su a kan tebur ya raba su gida uku.

Na lowa am, tambaya ɗaya ya yi: a sama ka ɗaure ko a ƙasa? Bushin roba da aka ɗaure taya na reto, da zarar an sauke mota ya riga ya murɗe tun ba a je ko'ina ba. Yana tsaye a murɗe, yana kwana a murɗe, kowane tudu kuma ya ƙara masa. Lambar da ya ɗaure notin da ita daidai ce, amma ya kamata nauyin motar ya kasance a kan tayoyinta.

Zobban ainihi kuwa tsufa ya kashe su tun suna kwali. Roba tana lalacewa ko ba a taɓa ta ba. Ƙa'idar ISO 2230 ta ajiyar kayan roba shekara 5 ta ba robar itace a ma'aji, da ƙarin 2 idan an duba an ga lafiyarta. Waɗannan sun ninka haka sau da yawa.

Na sitabilaiza na hagu shi ne laifin roba na gaskiya. A injin 289 filtar mai tana gaba ta hagu, kuma akwai ɗigo a wurin. Robar itace tana shan mai ta kumbura.

## Wata 31: kowane wuri da nasa

Sandunan tokari biyu aka canza da sababbi, aka sa musu zobban roba daga kamfanin da ke buga ranar ƙira a jikin leda. An yi maganar irin sandar zamani mai ƙwallon ƙarfe a kai, wadda ke juyawa kowane gefe ba tare da lanƙwasa ba. Mai motar ya ƙi, don tana canza kamannin asali kuma tana ƙara kawo jijjiga. Lowa am ma sababbi aka sa masu robarsu a matse daga kamfani. Idon gaban sifirin baya ya koma roba. Shakul ya zauna da foli, amma aka sa masa kusoshi masu ramin giris, yadda za a dura ba sai an kwance ba. Bushin sitabilaiza da na linkeji, waɗanda aka sa tun wata na 11, aka wanke su aka mayar.

An bar notocin bushin roba a sassauce, aka sauke motar, aka tura ta gaba da baya, aka daddanna ta har ta zauna, sannan aka ɗaure su tana tsaye a kan tayoyinta. Aka toshe ɗigon mai. Saitin ƙafa a ƙirar 1965 da 1966 da 'yan faranti ake yi a bayan hannun sama, sai daga 1967 aka mayar da sandar tokari mai saiti, don haka aikin ya ɗan ja lokaci.

Abu biyu kuma aka canza da ba na sifana ba. Na farko, injin hura iska da ke ajiye dab da tayar gaba a garejin mai motar aka matsar da shi, don injin lantarki mai tartsatsi yana haifar da iskar ozon, ita kuwa ozon ce ke tsaga roba, musamman wadda ke a miƙe. Na biyu, ya ɗauki alkawarin fitar da motar aƙalla sau biyu a wata. Masu haɗa roba suna zuba mata sinadaran kariya da ke tasowa zuwa fata sannu a hankali, motsi kuma yana taimaka musu fitowa.

## Wata 67: dubawa

Wata 36 ke nan da gyaran, kilomita 14,600. Zobban sandar tokari sun fara 'yan siraran layuka a gefen da iska ke bugu, amma farce ba ya shiga, kuma suna lotsawa su dawo. An cire sandunan an fesa jan ruwa, ba tsagi. Lowa am ba wasa ko kaɗan da aka sa ƙarfe aka bincira. Bushin sitabilaiza na foli sun kai wata 56 da kilomita 22,500 suna aiki, ba abin da ya canza a jikinsu. Shakul ana dura masa giris sau biyu a shekara, aikin minti goma. Tsallen kwana ya tafi, madubi ya tsaya. Sitiyari bai kai kaifin makonnin farko na foli ba, mai motar da kansa ya rubuta haka.

## Hukunci

Idan ƙarko yana nufin wane ne ya fi daɗewa bai ruɓe ba, foli ya ci. Babu ko guda a cikin jajayen bushin nan da ya tsage ko ya kumbura, kuma a wurin da mai ke ɗiga roba ba ta yi wata goma ba, shi ya yi 19 a cikin man, 56 gaba ɗaya. Sai dai shi ma ba dutse ba ne. A ƙa'idar ajiyar da aka ambata rukuni ɗaya yake da robar itace, kuma irinsa da aka haɗa da foliyesta zafi da danshi suna narkar da ƙarfinsa a hankali.

Amma a ganina mai motar ya auna abin da bai kamata ya auna ba. Sau biyu ya duba bushin kaɗai ya yanke hukunci. A wata na goma ya ga roba ta lalace ya ɗora wa roba laifi, alhali biyu daga cikin cututtuka ukun daga hannunsa da kwalinsa suka fito. A watannin foli kuma ya ga bushin sumul ya ɗauka lafiya, alhali sanda tana tsagewa a bayan washa, bututu yana cinyewa a ciki. Ƙarfin da roba ke shanyewa ba ya ɓacewa don an cire ta, wani wuri yake komawa.

Ban ɗora karayar a kan foli shi kaɗai ba. Sandunan sun haura shekara 50, kuma tsatsa ta riga ta yi musu ramukan da tsagi ke farawa. Amma da ramukan suka yi ta aiki a kan roba, sannan biyun suka tsage a wuri ɗaya cikin wata 19 na foli, kuma gwajin ɗaga hannu ya nuna inda lanƙwasar ta fito.

Abin da ya yi aiki shi ne kallon motsin kowane mahaɗi. Inda ake juyawa ta hanya ɗaya ko ake matsewa kawai, kamar sitabilaiza da linkeji da shakul, foli ya dace, muddin akwai hanyar ba shi giris. Inda dole a karkata a murɗa a lokaci ɗaya, kamar kan sandar tokari da idon sifiri, roba ce. Lowa am yana tsakiya. Foli zai iya zama a wurin ga mai shirye ya riƙa kwancewa, amma ga mutumin da ya ce ba ya son kwana a ƙarƙashin mota, awa 18 da ya kashe a zagaye uku na giris sun isa amsa.

Zobban robar da ke kan sandunan yanzu ba za su kai shekarun foli ba, kuma ya san haka. Ya rubuta a littafin cewa za a sake duba su a wata na 79. Canza su aikin awa biyu ne.